Wankin Kwamfutar Eli

Litinin, 7 ga Mayu, 2018

Kwamfutar Eli ta fara wani ƙas-ƙas daga ciki, irin na ɓera a silin. Yau sai da na yi ta lallashinta kafin ta buɗe.

Duk waƙoƙinsa suna cikinta, kuma babu su a wani wuri. Shekarun nan da ya yi yana koyar da kwayar mawaƙan coci, duk waƙar da ya tsara sai ya zauna a falon nan ya rera muryoyin shi kaɗai yana ɗauka: na mata da wata siririyar murya mai ban dariya, sannan tena, sannan bas. Na Hausa da na yarenmu, Jju. Mijina ya tafi, amma sanin cewa muryarsa tana kan teburin nan shi ke sa in yi barci.

Fasto ya tsayar da 14 ga Yuli don sujadar cikar Eli shekara da rasuwa, a garinsu Madakiya. Na riga na yi wa Mama, mahaifiyarsa, alkawari cewa ranar za ta ji ɗanta a injin DVD ɗinta. Idonta ya tafi, kunnen ne ya rage mata. Dole in kwashe komai a faifai tun abin nan bai mutu a hannuna ba.

Laraba, 9 ga Mayu

Na sayo faifai da na taso makaranta. Mai shagon ya tambaye ni, mai alamar ƙari ko mai alamar ragi? Ni tarihi nake koyarwa, ba lissafi ba. Na duba kwalayen, na ga ɗaya da gicciye a jiki, na ce ai waƙoƙin coci ne, ba ni mai gicciyen.

Na sa. Ta ja shi, ta yi gurnani, ta tofo shi. Na sa wani, haka. Kwamfutar shugaban kwaya guda ta ƙi gicciye. Da Eli yana nan da ya yi dariya har tari ya kama shi.

Alhamis, 10 ga Mayu

Rosemary ta kira daga Jos. Wai, "Mami, wa yake ƙona faifai a zamanin nan? Ki zuba a filash." 'Yar yau ke nan, komai a bakinta mai sauƙi ne. Ta manta filash ɗin makarantarmu ne ya taɓa kawo cutar da ta cinye wa babanta aikin wata da watanni. Tun ranar ya hana a soka wa kwamfutar nan kowane irin abu. Kuma kakarta a ina za ta soka filash? Na ce mata na ji.

Asabar, 12 ga Mayu

Na ɗauke ta zuwa shagon Raliya a bakin kasuwa. Ajinmu ɗaya a sakandare, har yau ba ta daina yi mini tsiya ba. Da na ba ta labarin gicciye sai da ta dafa injin hoto don dariya.

"Magda, ba addini ba ne, tsufa ne. Wannan tsohuwar mai ragi ta sani."

Ta nuna mini ɗan rubutun da ke bakin aljihun faifan, wanda shekara da shekaru ban taɓa lura da shi ba. Ta canja mini da masu ragi. Ta ce ƙas-ƙas ɗin nan ba alheri ba ne, kada in ja lokaci.

Talata, 15 ga Mayu

Ta karɓa! Na gwada da ƙaramin abu tukuna, tambayoyin jarrabawar aji uku, ta ƙona su tsaf. Na yi ta waƙa ina wanke-wanke.

Asabar, 19 ga Mayu

Murna ta koma ciki. Tambayoyin jarrabawa ta yarda, waƙa ta ƙi. Sai koren layin ya yi tafiya har tsakiya, in fara godiya ga Allah, sai ya tsaya cik, ta turo wani dogon Turanci, ta tofo faifan. Na ɓata da yawa, ban jefar ba, suna cikin kwanon silba.

Na koma wurin Raliya. Azumi suke yi, leɓenta a bushe, amma ta zauna da ni. Ta rage gudun ƙonawar zuwa mafi ƙanƙanta, ya tsaya a tsakiya. Ta ɗauko nata injin na waje mai igiya, ta soka. Rami ɗaya ne yake aiki a kwamfutar, shi ma ba ya ba da isasshiyar wuta, injin ya yi ta kyafta fitila kamar mai jin barci. Na ce ta kwashe a tata kwamfutar mana. Ta ce tata tana shan filash ɗin kowa da kowa tun safe, ba za ta ɗauki alhakina ba. Ita ma ba ta da tabbas, amma a ganinta idon da ke ƙona faifan ne ya yi datti.

"A wanke idon, ƙila ya gani."

Ita ba ta buɗe cikin kwamfuta, mai yi mata kuma ya yi tafiya sai bayan Salla.

Talata, 22 ga Mayu

Dickson ya zo da sabuwar masara daga gonarsu ta fadama. Ƙanen Eli ne, amma ni na ƙarasa renonsa, a gidan nan ya yi sakandare, ni na tsaya a bikinsa da Stella. Ya tarar da ni a gaban kwamfutar kamar mai jinya.

"Maman Rose, bar mini shi. Ina da mutum a wajen tasha, hannunsa na da kyau."

Na ce Raliya ta ce a wanke ido. Na faɗa masa, na sake faɗa. Ya ce ya ji, jibi zai dawo da ita da faifan duka. Na naɗe ta a tawul na miƙa masa. In ban yarda da Dickson ba, da wa zan yarda?

Asabar, 26 ga Mayu

Jibin Dickson bai zo ba. Wayarsa tana shiga, ba ya ɗauka.

Lahadi, 27 ga Mayu

A coci na hango Stella, na ɗaga mata hannu. Ta yi kamar tana gyara ɗankwali, ta bi ta ƙofar gefe. Stella da kullum sai ta raka ni har bakin titi. Ƙila sun yi faɗa da mijin ne.

Laraba, 30 ga Mayu

Ya kawo. Kwamfutar tana buɗewa kamar walƙiya, hoton fuskar ma an canja, na Eli da kwayarsa babu. Na shiga inda waƙoƙin suke, wayam. Na juya na kalle shi.

"Kwantar da hankalinki, Maman Rose. Kwamfutan ya cika ne, shi ya sa yana ciwo. An kwashe komai a nan."

Ya miƙo mini leda. Faifai ne jere, kowane a rigarsa, kowane da suna da baƙar maka, rubutun Dickson mai kwanciya. Gero Ya Nuna. Na Bar Ƙofa a Buɗe. Waƙoƙin Ista. Na Jju, ɗaya da biyu. Har hawaye suka zo mini. Na yi masa faɗa kaɗan don bai tambaye ni ba kafin a share, sannan na sa masa albarka. Ya ce ya zuba mini finafinan bishara da yawa a ciki don kada kaɗaici ya dame ni. Na ce ya tsaya ya ci abinci mu saurari ɗaya tare. Ya ce ana jiransa.

An ɗauke wuta kafin in gwada.

Alhamis, 31 ga Mayu

Injin DVD na falo ya ce babu faifai. Kwamfutar kuma tambayata take yi me nake so in yi da shi. Na kira Dickson. Ya ce irin na kwamfuta ne, ba na falo ba, kuma tawa ta tsufa, ba ta karanta sabon samfuri. To. Na riga na ga yadda ta yi da mai gicciye, ban yi musu ba.

Lahadi, 3 ga Yuni

Na gwada a kwamfutar ofishin coci bayan sujada. Shiru. Sakatare ya ce tasu ma tana da zaɓe.

Laraba, 6 ga Yuni

Na gwada a ta ɗakin malamai, na gwada a motar mataimakin shugaban makaranta. Dickson ya ce akwai wata manhaja da sai an sa, zai karɓo wurin mutumin nasa. Ashe faifai ma ƙabila-ƙabila ne, kowa da wanda yake gaisawa da shi.

Na je shagon Raliya, a kulle. Maƙwabcinta ya ce ta tafi Zariya wurin surukarta, sai bayan Salla.

Asabar, 9 ga Yuni

Stella ta zo da miyar karkashi. Ta ga ledar a kan tebur, ta kawar da kai. Na ba ta labarin yawon da nake yi da faifan nan. Ta ce, "Yaya, mu sa abin a addu'a." Muka durƙusa a falon nan. Ita ta yi addu'ar, ta roƙi Ubangiji ya buɗe abin da yake a rufe. Ta yi kuka sosai. Na ce a raina yarinyar nan tana ƙaunar Eli.

Na kalli ɗaya daga finafinan Dickson. Ba laifi.

Talata, 19 ga Yuni

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Da la'asar ina share tebur, rana ta shigo ta taga ta sauka a kwanon silba. Faifan da na ɓata da hannuna, kowane in ka kifa shi akwai wani zobe mai duhu a bayansa, daga tsakiya zuwa inda ƙonawar ta tsaya. Na jarrabawa ma yana da nasa, siriri. Haka kawai na zaro Gero Ya Nuna na kifa. Fes. Na zaro na Ista. Fes. Na ɗauko sabo daga kwali wanda ban taɓa sawa ba, na jera su. Babu bambanci.

Na ce ƙila sabon samfuri ba ya nuna zobe. Na faɗa wa kaina haka har na gama shara.

Laraba, 20 ga Yuni

Raliya ta dawo. Ban ko yi mata barka da Salla ba, na zube mata ledar. Ta sa ɗaya, ta sa biyu, ta sa duka. Yau babu tsiya.

"Magda, waɗannan ba su taɓa ganin wuta ba."

Na ce ko injin nata ne bai dace da su ba. Ni da bakina. Ta riƙe hannuna ta ce babu abin da zai dace da babu.

Ta gwada waɗanda na ɓata, ko za a samu rabi. Ba su buɗuwa.

Alhamis, 21 ga Yuni

Na je gidan Dickson. Yana gona, ko ya ɓuya, oho. Stella tana tankaɗe. Na ajiye ledar a kan tabarma, ita ta fara magana.

Wai da ya kai wa mutumin, cewa ya yi, "A wanke shi, yana ciwo." Idon da na ce masa ya faɗi a hanya. Su kuma masu gyara, in an ce wanke, share komai ke nan a zuba sabo. Mutumin ya tambaye shi ko akwai abin da ake so a ciki, shi kuma ya ɗauka ana nufin ko akwai faifai a aljihun, ya ce babu. Ya tafi cin abinci, ya dawo an gama. An je gyaran gira an rasa ido.

Wannan zan iya haɗiyewa. Kuskure ne, kowa yana yi, Hausar nan ba a cikinta aka haife mu ba. Da ya zo ranar ya faɗi a gabana, da na yi kuka, na zage shi, mu nemi mafita.

Na ce, sunayen fa? Dickson bai san rabin waƙoƙin Jju da suna ba.

Ta sunkuyar da kai. "Ni na riƙa tuna masa, Yaya. Yana rubutawa."

Wato su biyu suka zauna, ɗaya tana faɗa ɗaya yana rubutawa, har da ɗaya da biyu. Suka sa kowane a rigarsa. Sannan suka zuba mini ido ina yawo da faifai babu komai daga coci zuwa makaranta, ina roƙon mutane su ara mini mota in gwada. Ta durƙusa a falona ta roƙi Allah ya buɗe.

"Tsoro ya ji. Ya ce zai nemi hanya kafin Yuli."

Na ce ta kawo mini kwanon miyata in na aiko, nata ma zan aiko mata.

Asabar, 23 ga Yuni

Ya zo. Na ji babur ɗinsa, na sa sakata. Ya daɗe a tsaye yana "Maman Rose, Maman Rose." Ruwa ya sauko, ya tafi.

Yaron da na wanke wa kayan makaranta.

Talata, 26 ga Yuni

Mai gyaran Raliya ya karɓi kwamfutar. Ya ce abin da aka share ba ya tafiya nan take, yana nan kwance har sai an ɗora wani abu a kansa. Da an kawo ta a ranar, a kashe, da an ceto mafi yawa. Ya tambaya ko an zuba wani abu mai nauyi daga baya.

Finafinan bishara. Don kada kaɗaici ya dame ni.

Ashe ba wankin ne ya kashe muryar Eli ba, rufa-rufar ce. Ni kuma na zauna ina kallo a kan kabarinsa, har ina cewa ba laifi.

Lahadi, 1 ga Yuli

Ban je coci ba. Ba zan iya zama ina kallon bayan kansa a layin tena ba. Rosemary ta kira, ba ta ce "na faɗa miki" ba. Da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Talata, 3 ga Yuli

An ceto abin da za a iya. Raliya ta sa mini abin ji a kunne, ta fita ta ba ni wuri. Yawancinsu shuu ne kawai, kamar rediyo ya ɓace tasha. Guda ɗaya ne ya fito sarai, gajere. Ƙarar jan kujera. Numfashi, nasa, irin wanda yake ja kafin ya fara. Sai wata mace daga nesa: "Eli, ka bar abin nan ka zo, tuwo zai huce."

Ni ce. Daga nan ya yanke.

Duk cikin shekarun nan, muryata ce ta tsira.

Alhamis, 5 ga Yuli

Na je Madakiya in gaya wa Mama. Duk hanya ina shirya maganar. Na same ta a zaure tana ɓarar gyaɗa da lalube. Ta ji takuna ta ce, "Matar Eli, kin kawo mini shi?" Har ta sa an goge injin, an rufe shi da sabon kyalle.

Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Mama, injin naki ne za a duba tukuna, ba kowane faifai yake ɗauka ba."

Ta ce to, a duba.

Na sha kunu, na yi sallama. A mota wata mata ta tambaye ni ko lafiya.

Juma'a, 6 ga Yuli

Ba ɗaya ba ne. Ni jimla ɗaya na yi, ban sayi maka ba, ban durƙusa da kowa ba. Ba ɗaya ba ne ko kaɗan.

Amma da sauri ƙaryar ta fito.

Lahadi, 8 ga Yuli

Na aika wa Dickson jiya: ya same ni a tasha bayan sujada, shi zai faɗa wa uwarsa da bakinsa. Ya zo, ya rame. Na shiga gaban mota, ya shiga baya. Har Madakiya ban waiwaya ba.

Ya durƙusa ya faɗi duka da Jju, bai rage ba, har makar. Da ya gama na ce, Mama, injinki lafiyarsa ƙalau, ni ma ranar Alhamis ban faɗi gaskiya ba. Ta cire hannunta daga cikin gyaɗa. Sannan ta ce wa Dickson, tun da ya iya rubuta sunan waƙa, sai ya rera ta ji ko ya san cikinta.

Ya fara Gero Ya Nuna a durƙushe. Da fari muryar tana rawa. Da ya kai baiti na biyu ta zauna, ta sauka can ƙasan maƙogwaro, inda na sani. A kwaya ban taɓa jinsa shi kaɗai ba. Mama ta juya fuskarta wajen ƙofa ta ce, "Eli." Sau ɗaya, a hankali. Sai ta gyara zama ta ce, "Ci gaba, Dickson."

Na fita wurin awaki. Na jima a can.

A baiti na uku ya kauce, ya hau inda ya kamata ya sauka. Na gyara masa daga waje. Waƙar ce ba na so a ɓata.

Da za mu dawo gaban motar a cike yake, dole muka zauna kujera ɗaya. Ya ce akwai na Jju da bai riƙe duka ba, ko zan iya tuna masa kafin Asabar. Na ce zan duba in ina da lokaci.

Da na iso gida na tarar wayata ta ɗauki duka, tun daga baiti na farko. Ni na danna, mana, wa zai danna. Ba muryar Eli ba ce, na sani, kuma ban yafe wa kowa ba. Na tura wa Rosemary ta ajiye a inda suke ajiyewa, na tura wa Raliya ma. Na saurara sau biyu kafin in ɗora girki.